Farar Kwalbar Baba

Mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin bakin teku da Gaya. Ya tafi da albasa, ya dawo da siminti ko ƙarfe, wani lokaci ya yi sati guda a layin duwan, wato kwastan, yana jiran a sallame shi. Abincinsa na gefen titi ne, mai yaji da maiƙo, sai shayi mai ɗaci da yake sha don kada barci ya sace shi a hanya. Da ya ajiye tuƙi, abu biyu hanyar ta bar masa: ciwon baya da ƙwannafi. Ciwon bayan yakan zo ya tafi. Ƙwannafin kuwa zama ya yi.

Tun ina ƙarama na san shi da wata kwalba. Abin da ke cikinta fari ne, mai kauri kamar kunun gyaɗa, yana ƙamshin na'ana'a, in ya bushe a bakin murfi sai ya koma gari kamar alli. Yakan girgiza ta sau uku ko huɗu, ya kurɓa daga baki, ya goge gemu da bayan hannu. Lokacin da yake tuƙi tana aljihun ƙofar mota. Da ya dawo gida ta koma kan taga, kusa da carbi da rediyo. In ta ƙare ya sayo wata a kasuwa wurin masu tebur, ko ya ba wani direba saƙo daga tsallaken gadar iyaka. Bai taɓa kiranta magani ba. Cewa yake, "Miƙo min farin nan," kamar yadda wani zai ce a miƙo masa goro.

Ni ce ɗiyarsa ta fari, don haka bai taɓa faɗin sunana ba. Ina yarinya "ke" yake ce min, ko ya tambayi Inna, mahaifiyata, "Ina waccan?" Da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai ya samu mafita, ya koma kirana Malama. Gidan aurena ba nisa da nasu, kuma cikin ƴaƴansa ni kaɗai na rage a gari, sauran aiki ya kai su Dosso da Yamai. Duk takardar da ta shigo gidan da Faransanci ni ake ajiye wa.

Bayan ya bar hanya ya koma noman shinkafa a wata ƴar gona da ke fadamar bakin gulbi. Ba babba ba ce, amma ya ba ta zuciyarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon gonakin wasu ta gilashin mota, yanzu ga shi cikin taɓo har gwiwa yana dariya. A wata damina, ana tsakiyar dashe, ya dawo daga gonar da zazzaɓi.

Da farko mun ɗauka na sauro ne, don a Gaya in damina ta kama kowane zazzaɓi sauro ake zargi. Amma na lura yana yawan ɗaukar buta, yana daɗewa a bayi, in ya fito fuskarsa a yamutse. Ni bai ce min komai ba, ba zai ma iya ba. Inna ce ta ja ni ɗakin girki ta ce, "Babanki fitsari ke ba shi wuya. Ya ce kamar an zuba masa barkono."

Washegari muka kai shi asibiti a motar maƙwabcinmu. Na zauna a benci a waje, shi ya shiga wurin likita shi kaɗai, don wannan magana ba wadda uba zai yi a gaban ɗiyarsa ba ce. Daga baya na ji cewa likitan ya tambaye shi ko akwai wani magani da yake sha, ya ce babu. Kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa. An gwada jini, ba zazzaɓin sauro ba ne. An duba fitsari, aka ce ƙwayoyin cuta ne suka kama mafitsara. Likita ya rubuta masa wata ƙwaya da ake kira sipro, irin magungunan nan masu kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kwana goma. Na je farmasi na karɓo. Na buɗe kwalin, na zare takardar da ke ciki mai ƙananan rubutu, na tura ta ƙarƙashin faranti, na ce na karanta daga baya.

Ranar farko da ya sha ya ce ƙwayar tana kankare masa ciki. Sai na tsara abin da na ga ya dace. Kowace safiya kafin in wuce lakwal nakan biya gidan, in ɗora masa komai a kan faranti: ƙwaya, kofin ruwa, farar kwalba, da ƙwaryar fura da nono mai kauri da Inna ke damawa. Ya haɗiye ƙwayar, nan take in zuba masa farin nan cokali biyu don ya shimfiɗa masa ciki, sannan ya bi da fura. Da yamma in na taso in sake haka. Har hana shi kurɓa daga baki na yi, na ce da cokali ake yi. Ina jin daɗin kaina a kwanakin nan. Maƙwabta na shigowa gaisuwa suna cewa Allah ya ba kowa ɗiya irin wannan, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Zazzaɓin ya ɗan sauka, bai tafi ba. Kwana biyu bayan ƙwayar ta ƙare ya dawo da ƙarfinsa, da rawar ɗari har haƙora na haɗuwa. Muka koma asibiti. Likita ya tambaye ni ko an tsallake ko sau ɗaya, na ce wallahi da hannuna nake ba shi. Ya duba takarda, ya ce wani lokaci ga dattawa ciwon kan so a daɗe ana magani, ya sake rubuta ƙwayar, wannan karon na sati biyu. Na koma gida na ci gaba da farantina kamar yadda na saba.

Cikin satin nan Baba ya zube. Rigunansa suka yi masa yawa. Ya daina kunna rediyo. Ƙanwarsa, Gwaggo, ta zo daga Tanda da ƙullin saiwoyi, ta zauna a tsakar gida tana cewa magungunan yanzu duk garin rogo ne ake dunƙulawa, in ba haka ba ta yaya mutum zai sha ƙwaya sati biyu ciwo na ƙaruwa. Ni kaina na fara tunanin haka.

Ran kwana na biyar da fara zagaye na biyu, bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya ce a kira ni. Na durƙusa a gefen tabarmar. Bai dube ni ba, ganyen sama yake kallo.

"Malama," ya ce, "ina so a kai ni ƙauye."

Ƙauyen da yake nufi yana wajen Bengou, can aka haife shi, can iyayensa suke kwance. Rabonsa da kwana a can tun rasuwar kakata.

Na ce, "Baba, ka bari ka ji sauƙi, sai mu je tare."

"Na ga motoci da yawa," ya ce. "Na san wadda gyara ke kamawa, na san wadda ba ya kamawa. An zuba magani sau biyu bai zauna ba. Ba na so in wahalar da ku da ɗaukar gawa a cikin ruwan nan, hanya ba ta da kyau." Sannan ya ƙara da cewa, "Shinkafar nan kada a bar ta. Ki gaya wa mijinki ya nemi wanda zai yi mata ciran haki."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce to, na roƙe shi ya ba ni kwana uku. Ya ce Allah ya kai mu.

Da safe ban je lakwal ba, na aika a faɗa wa darakta. Na ɗauki kwalin ƙwayar na nufi farmasin da na saya, zuciyata cike da faɗa. A hanya na tsara abin da zan ce: cewa sun sayar min da jabu, cewa ran mutum suke wasa da shi. Kafin in fita Inna ta tsayar da ni a ƙofa ta miƙo min farar kwalbar, ta ce ta ƙare, in biya kasuwa in sayo wata. Na jefa ta cikin jaka.

Mai farmasin wata dattijuwa ce, Badendiya, doguwa, mai gilashi rataye da zare a wuya. Hausarta na da garɗin harshensu. Kowa Hajiya yake ce mata. Ban ko gama gaisuwa ba na dire kwalin a gabanta na fara. Akwai mutum biyu a wurin suna jira, ban damu ba. Ta bar ni na zazzage duka. Sannan ta ɗauki kwalin, ta sa gilashi, ta duba kwanan wata, ta duba lambar da ke gefe, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta juya ta a tafin hannu.

"Wannan mai kyau ce," ta ce. "Daga inda nake ɗaukar duka kayana ta fito. Amma zauna, ɗiyata. Wa ke sha?"

Na gaya mata. Ta tambayi shekarunsa, ta tambayi ko yana amai bayan ya sha, na ce a'a. Ta ce in ba ta takardar likita. Na buɗe jaka ina lalube, na fara fito da kaya ina ɗorawa a kan kanta: alli, makulli, farar kwalbar. Ta miƙo hannu, ba takardar ta ɗauka ba, kwalbar ta ɗauka.

"Wannan ta wa ce?"

"Ta Baba ce. Ta ƙwannafi ce kawai, ya daɗe yana sha."

"Yanzu ma yana sha?"

"Ni nake ba shi," na ce, har da ɗan alfahari. "Da ya haɗiye ƙwayar sai in ba shi cokali biyu don kada ta ci masa ciki. Sannan ya sha fura da nono."

Ta cire gilashin, ta bar shi ya faɗo a ƙirjinta. Ta sallami mutum biyun nan tukuna, sannan ta zagayo ta zauna kusa da ni a benci.

"Kin taɓa ganin an jefa alif cikin ruwan gulbi?" ta tambaye ni.

Na ce na gani. Wanda ya tashi kusa da gulbi ya san farin dutsen nan da ake kaɗawa a randa in ruwa ya yi laka, ya tattara dattin ya kwantar da shi ƙasa.

"To, abin da ke cikin kwalbar nan danginsa ne," ta ce. Ta juya kwalbar ta nuna min rubutun baya da farcenta. "Karanta. Aliminiyom da magneziyom. Sinadaran ƙasa ne, aikinsu su kashe tsamin ciki, kuma suna yi. Amma wannan ƙwayar sai ta narke ta ratsa hanji ta shiga jini kafin ta kai mafitsara. In ta tarar da waɗannan a ciki, sai su riƙe ta. Su manne da juna su zama abin da hanji ba ya iya sha. Mafi yawanta ta wuce ta fita da bayan gida. Nono ma yana da nasa, kalsiyom, shi ma yana riƙe ta, ko da bai kai wannan ba. Babanki ya haɗiye ƙwaya, amma kaɗan ce ta isa inda aka aike ta."

Na ce, "Ke nan ni ce."

Ba ta ce min a'a ba. Ta ɗauko sabon kwali, ta zaro takardar ciki, ta warware ta a kan cinyarta, ta bi da yatsa har ta kai wani layi. Yana nan a rubuce da Faransancin da nake koya wa yara kullum: kada a sha tare da maganin ƙwannafi mai ɗauke da waɗannan sinadarai, ko ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe, ko nono zalla. Irin takardar ce na tura ƙarƙashin faranti.

"Ni ma ina da nawa kason," ta ce. "Sau biyu kika zo nan, sau biyu na miƙa miki ban tambaye ki mi yake sha ba. Wurin nan kan cika, in manta da tambaya. Amma wannan labari ne mai daɗi, ko ba ki gani ba? Da a ce ya sha ta daidai ba ta yi aiki ba, da abin tsoro ne. Yanzu mun san inda take ɓacewa. Tashi ki koma wurin likita da kwalbar nan a hannunki. Kada ki canza komai da kanki."

Na hau kabu-kabu zuwa asibiti. Na jira layi har kusan azahar. Da na shiga na ɗora kwalbar a kan teburin likita na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya dafe goshi. Ya ce ya tambayi dattijon, ya ce ba ya shan komai. Na ce ai shi a wurinsa wannan ba magani ba ne. Likitan ya ɗan yi murmushi, ya ce daga yau zai canza yadda yake tambaya.

Sannan ya faɗa min abin da ya rage min farin ciki. Ya ce ƙwayoyin cutar sun yi sati biyu suna ɗanɗana maganin kaɗan-kaɗan, kuma irin haka ne ke sa su saba da shi su daina jin tsoronsa. Mai yiwuwa har yanzu zai kama su, mai yiwuwa kuma ya makara. Ya sa aka kawo Baba da yamma ya sake duba shi. Ya ce a fara lissafi daga farko. Ƙwaya da ruwa zalla, bayan sallar asuba da bayan magariba. A ajiye farar kwalba gaba ɗaya har a gama, ya rubuta wata ƙwayar ƙwannafi wadda ba ta da waɗannan sinadarai. Fura da nono sai hantsi ya ɗaga, an samu aƙalla awa biyu tsakani. In kwana uku suka cika zazzaɓi bai sauka ba, ko ya ƙaru kafin nan, mu wuce Dosso a yi gwajin da zai nuna maganin da zai kama.

Abin da ya fi min wuya shi ne gaya wa Baba. Zan iya cewa likita ya canza tsari in yi shiru, ba wanda zai sani. Amma na san shi: in bai ji dalili ba, ina juya baya zai aika a sayo masa farin nan. Bayan mun dawo gida na same shi a ɗaki, Inna na zaune a bakin gado tana masa fifita. Na durƙusa na ce, "Baba, ciwonka ba ƙin magani ya yi ba. Ni ce nake hana maganin isa." Na yi masa bayani yadda Hajiya ta yi min.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Mi kika ce sunan abin da ke ciki?"

"Aliminiyom."

"Irin na tukunya?"

"Danginsa ne."

Ya juya ya dubi Inna. "Kin ji. Shekara da shekaru ashe tukunya nake sha." Inna ta rufe baki da gefen zane tana dariya, hawaye na zubo mata. Rabon da a yi dariya a ɗakin nan an kwana biyu.

Ya dawo da kallonsa wajena, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ke kin ba ni abin da kika ga ina sha tun kina goye. Likita ya tambaye ni, ni na ce babu. Tashi, Malama, ƙasa da sanyi."

Kwana biyun farko ba su yi daɗi ba. Sabuwar ƙwayar ƙwannafin ba ta kashe wutar nan take kamar yadda farin ke yi, shi kuma ya saba da abin da zai ji sanyinsa a maƙogwaro. Hannunsa kan tafi kan taga da kansa ya dawo wayam. Na koma kwana a gidan. Da asuba in ya sallame in miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa, ba faranti, ba komai. Ya ce cikinsa kamar tanderu. Inna ta hana shi yaji da shayi, ta koma yi masa tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, ta ɗaga masa kai da matashi biyu.

A rana ta biyu na shiga na tarar da Gwaggo tana jiƙa kanwa a moɗa. Ta ce ai wannan ba na Bature ba ne, kakanninmu da shi suke kashe ƙwannafi. Ban san amsa ba, kuma na riga na koyi kada in yi ƙarfin hali a kan abin da ban sani ba. Na ce ta dakata. Na kira Hajiya a waya. Ta ce kanwa ba daidai take da abin kwalbar ba, amma ta kasuwa a gauraye take da ƙasa, ba wanda ya san mi ke ciki, kuma gishirinta ya yi wa dattijo mai ciwon mafitsara yawa. A bar ta har a gama. Na faɗa wa Gwaggo. Ta ɓata rai, ta ce yaran yanzu waya suke tambaya ba manya ba. Baba ne ya raba mu daga kan gado. Ya ce, "Ajiye min ita, in na warke ki dama min kunu da ita." Ta zubar da ruwan a gindin mangwaro, tana gunaguni.

Safiyar rana ta uku na taɓa goshinsa kafin in ba shi ƙwaya. Da sanyi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da zufa. Ban yarda da hannuna ba, na kira Inna ta taɓa. Ya ɗauki buta ya fita, bai daɗe ba ya dawo, ya wuce mu, tafiyarsa ta canza. Da hantsi ya shanye furarsa tas, ya tambayi ko akwai kifi a kasuwa. Mijina ya tafi bakin gulbi da kansa ya samo tarwaɗa. Maganar ƙauye ba wanda ya sake ta da ita, har shi.

Da ya ji ƙarfi ya so ya daina ƙwayar a kwana na bakwai, ya ce ai an gama. Na ce likita ya ce sai an cinye duka, in ba haka ba waɗanda suka rage su ne masu taurin kai. Ya ce na zama jandarma. Ya sha har ta ƙarshe. Muka koma asibiti aka sake duba fitsari, aka ce ya wanke. Likita ya ce farar kwalbar ba haramun ba ce, zai iya komawa kanta jefi-jefi, amma duk ranar da aka rubuta masa wani magani ya faɗi cewa yana shan ta. Ya kuma ce akwai alamar wata tsoka da ke kumbura wa maza in sun manyanta, ita ke tare fitsari har ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ya kamata a duba ta in an gama aikin gona.

Ya koma fadama shinkafa na fitar da kai. Da ƙarfi ya dawo masa sosai sai ya koma zuwa tasha da hantsi, inda tsofaffin abokan tuƙinsa ke zama a rumfar mai shayi. Kusan kowane direban kamiyo yana da irin kwalbar nan a mota, kuma da yawansu kan sayi ƙwayar kashe cuta a tebur su haɗa da ita. Baba ya zama mai wa'azin kwalba. Wani abokinsa ya tare ni a hanya ya ce in roƙe shi ya sassauta musu, mutum ba ya iya buɗe murfi sai ya ji, "Kana kan wata ƙwaya? Tun yaushe ka sha ta?" Wasu na yi masa dariya. Amma abokin nan ya ce min mutum biyu sun je wurin Hajiya da kansu sun tambaya.

Ni ma na canza wani abu ƙarami. Na koma karanta takardar da ke cikin kowane kwali tun daga sama har ƙasa, ko da rubutun na sa min ciwon ido. Matan unguwa suka gano haka, suka fara kawo min nasu. Ba na ba su shawara, karantawa kawai nake yi in fassara, in na ga abin da ya ɗaure min kai in ce su koma inda suka saya su tambaya. Wata maƙwabciyata mai jego, da ke shan ƙwayar ƙarin jini kuma tana cin farar ƙasa, ta kawo min kwalin wani maganin kashe cuta da aka rubuta mata, na ga irin layin nan a ciki. Tare muka je farmasi.

Bayan an sussuke shinkafa muka tafi Dosso duba tsokar da likita ya ambata. Da za mu fita na ga Baba da wata baƙar leda ya riƙe ta a cinya duk tsawon hanya. Wannan karon da aka kira shi ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo, ya ce, "Malama, shigo, ƙila a yi Faransanci." Na shiga na zauna a kujerar baya. Likitan wata matashiya ce. Ta gaishe shi, ta ɗauki biro, ta fara da tambayar ko akwai maganin da yake sha. Sai ya kwance ledar, ya shiga jerawa a kan teburinta ɗaya bayan ɗaya: farar kwalba, ƙwayar ƙwannafi, man shafawa na baya, ƙullin saiwoyin Gwaggo da bai taɓa jiƙawa ba, ɗan gutsuren kanwa a takarda, har da goro biyu.

"Ga su nan duka, likita," ya ce. "Ke za ki faɗi wanne ne magani."

Ta ajiye biron, ta jawo kujerarta kusa da teburin, ta fara ɗagawa tana tambayarsa sau nawa yake shan kowanne.